Harafin da Muke Cinyewa

Litinin, 20 ga Oktoba, da yamma

Begoña, malamar da ke gyara wa 'yata Nieves magana, ta ce in samu littafi in riƙa rubuta abin da yarinyar ta faɗa a gida, yadda ta faɗe shi. Na ce mata, malama, ni da makaranta mun rabu tun ina ɗan shekara goma sha huɗu, kuma ba wanda ya yi kuka a cikinmu. Ta ce ai ba jarrabawa ba ce. Haka malamai ke cewa kafin su kayar da mutum.

To ga shi. Abin da Nieves ta faɗa yau: ba ta son albasa. Takalminta yana matse ta. Wata yarinya a ajinsu tana da kare mai ido ɗaya. Duk na gane, ko da yake rabin kalmomin sun zo ba wutsiya. Ni kam ba na jin wani aibu, don nawa ma haka suke fitowa. Mu mutanen Barbate, garin masunta can bakin teku, tun kakanni muke cinye harafin s na ƙarshen kalma. Idan kifi bai isa ba sai a haɗa da haruffa. Nan Palencia kuwa kowane harafi sai an fito da shi an goge masa takalmi. Matata Henar ce ta zaɓi sunan yarinyar, kuma har gobe ina zargin da gangan ta yi. Shekara biyar ina kiran 'yata Nieve, ban taɓa kaiwa ƙarshen sunanta ba.

Akwai wani abu guda da ta faɗa. Ba yau zan rubuta shi ba.

Na gyara injin wanki.

Talata, 21 ga Oktoba, bayan mun dawo daga wurin Begoña

Da can ba ni nake kai ta ba, shi ya sa ban san ana zama a kan kujerar yara ba. Gwiwoyina suna gaisawa da kunnuwana.

Begoña ta fito da hoto, kyanwa ɗaya. Nieves ta ce gato. Ta fito da wani, kyanwoyi uku. Nieves ta ce gato. Na ce, malama, ki yi mata uzuri, a gidanmu kyanwa uku ma ɗaya ce, duka ɓarayi ne. Ba ta yi dariya ba, amma gefen bakinta ya motsa, na ƙirga wannan a matsayin nasara.

Ta yi min bayani a hankali, irin yadda ake yi wa wanda ya faɗo daga tsani. Ta ce harshenmu a wutsiya yake ɗora kayansa. Ɗan s ɗin nan shi ke cewa abu ɗaya ne ko da yawa, shi ke cewa da kai ake ko da wani. Yaran da sautuka ke yi musu gardama, wasu bakin ne kawai, a cikin kansu komai yana nan a jere. Wasu kuma har ginin maganar ke jinkiri. Daga waje iri ɗaya suke, tunda duk wutsiyar ba ta fitowa. Aikinta nan da ashirin ga wata mai zuwa shi ne ta gano wacce ce Nieves, ta rubuta rahoto.

Na ce ashe ke makanikiyar baki ce. Ta ce, “Mamanta ma haka ta…” sai ta tsaya, ta shiga tattara hotuna. Ni ma na taya ta tattarawa. Mun tattara su sosai.

Alhamis, 23 ga Oktoba, da safe

Mai gidan burodi ya sake riƙe hannuna ya daɗe, irin riƙon ta'aziyya. Zan sauya gidan burodi.

Juma'a, 24 ga Oktoba, wajen ƙarfe bakwai na yamma

Bari in rubuta, tunda malama ta ce komai.

Kullum idan mun dawo daga makaranta na ba ta madara da biskit, ina shiga lungun wanki da ke bayan kicin in ja ƙofa. Injin yana bukatar dubawa. Can sai in ji ta bar wasanta, tana bin ɗakuna ɗaya bayan ɗaya da silifas ɗinta masu ƙara. Sai ta tsaya a tsakar gida ta ce, da bakinta:

“Papá, ¿onde etá?”

Papá, tana ina?

Kullum. Tun ƙarshen Agusta.

Ni kuma sai in kunna injin ya yi ta ruri, ko da ba kaya a ciki. Idan na ga ba ta tafi ba, sai in sa safa a hannu in buɗe ƙofar kaɗan in miƙo shi. Sunansa don Safa, wato Malam Safa, tsohon kyaftin ne na jirgin ruwa, yana da mura kuma bashin gaisuwa ake bin sa ko'ina. Yana yi mata atishawa, yana cizon yatsanta. Tana dariya. Shi ke nan an wuce wurin.

Don Safa ya fi ni iya magana. Shi ma ba ya furta s.

Rigar aikin Henar, shuɗiyar, tana nan a igiya. Ta bushe tuntuni.

Asabar, 25 ga Oktoba, bayan abincin rana

Doña Sagrario, surukata, ta zo da tukunyar wake da tsiran alade, kamar mu ba mu san hanyar kasuwa ba. Baƙaƙen kayan makoki sun rame da ita. Ta bari sai da Nieves ta tafi kallon zane a talabijin, sannan ta ninke adikon tebur gida huɗu. Idan ta ninke adiko, mutum ya nemi wurin riƙewa.

“Cristóbal,” ta ce. Ita kaɗai ce a duniya ke faɗin sunana duka, kamar alƙali. “Yarinyar nan abin da take ji shi take faɗa. A da akwai bakin da ke daidaita naka a gidan nan.”

Na ce, “Doña Sagrario, da bakin nan na nemi auren 'yarki, kuma ta gane.”

“Ta gane don tana da haƙuri.”

“A'a, don ina da kyau.”

“Ka bar min wasan nan naka, ba ni da ƙarfinsa.”

Abin da take so: idan rahoto ya fito, Nieves ta koma wurinta daga Litinin zuwa Juma'a, har bakinta ya miƙe. Gidanta ya fi kusa da makaranta. Akwai ɗaki. Ba ta faɗi na wa ba, ni ma ban tambaya ba, na san tagar da nake jefa wa tsakuwa muna saurayi da budurwa ni da Henar.

Na ce za mu gani.

Sai da ta tafi ina wanke tukunya na lura ban ce a'a ba.

Na gyara injin wanki.

Laraba, 29 ga Oktoba, hutun rana a wurin aiki

Muna sa tayil a banɗakin wani gida da ba kowa. Na ce bari in gwada, tunda ba mai ji. Na tsaya gaban bango ina cewa gatosss, Nievesss. Sai ga Evelio, abokin aikina, ya faɗo a guje da sifana a hannu.

“Tobalo, ka ji? Gas na zuba a wani wuri!”

Na ce ni ne, ina koyon maganar mutane.

Ya dube ni sama da ƙasa. “Kai ɗan kifi, shekara goma sha biyu kana garin nan ba ka koya ba, sai yanzu da gashinka ya gudu? Bari kawai. In ka fara magana daidai wa zan riƙa yi wa dariya?”

Ya raba min burodinsa da wainar ƙwai da dankali. Bai tambaye ni komai ba. Shi ya sa nake son Evelio, kansa kamar bulo ne, ba ya shan ruwa.

Asabar, 1 ga Nuwamba, da safe

Ranar Dukan Tsarkaka. Gari ya cika da mutane rungume da furanni, duk sun nufi hanya ɗaya, ta maƙabarta. Ni ina da aiki a wani ƙauye. Mai gidan ya ce ba gaggawa, hutu ne. Na ce ni ina da gaggawa.

Doña Sagrario ta zo ta ɗauki Nieves, wai za su yawo.

Ranar dai, da yamma

Takalminta duk laka. Na goge. Ban tambayi inda ake samun laka a yawo ba.

Talata, 4 ga Nuwamba, da yamma

Yau Begoña ta yi murna kamar ta ci caca. Ta bar kyanwoyi ta kawo fure. Fure ɗaya, Nieves ta ce fo. Da yawa, ta ce fore.

“Ka ji?” in ji Begoña. “Ka ji?”

Na ce na ji yarinya ta cinye rabin fure.

Ta ce a'a, in saurara. Flor, flores. Ita wannan kalmar idan ta yi yawa ba s kaɗai take ƙarawa ba, har da wani ɗan sauti kafinsa, kuma Nieves ta sa shi. Wato ta san ɗaya, ta san da yawa. Inda bakinta zai iya ɗauka, tana ɗauka. A kan kyanwa ne kawai ba ta da abin nunawa, tunda duk kayan a kan s suke.

Ina shirin cewa to ai 'yar ubanta ce, sai Nieves ta ɗora yatsa a kan hoton ta ce, “Irin na Mamá. Da yawa. Farare.”

Na tuna ban ajiye motar aiki daidai ba. Na fita na duba. Daidai take. Na daɗe ina dubawa.

Alhamis, 6 ga Nuwamba, wajen ƙarfe bakwai na yamma

Ta tambaya. Na kunna inji. Na miƙo don Safa.

Ba ta yi dariya ba. Ta kama shi ta cire shi daga hannuna, a hankali, kamar mai cire wa jariri hula. Na bar hannun a waje tsirara, ban san abin da zan yi da shi ba. Ta ƙofa nake jin numfashinta. Ta taɓa tafin hannun da yatsa ɗaya. Sannan na ji silifas sun koma falo.

Kyaftin ya yi ritaya. Na same shi daga baya a kwandon shara, a ƙarƙashin ɓawon lemo.

Lahadi, 9 ga Nuwamba, bayan mun dawo daga gidan doña Sagrario

Ta nuna mana ɗakin. Sabon bargo mai taurari, ƙaramin tebur, fitila mai siffar naman kaza. Ta cire hotunan bango, amma inda suka zauna ya fi sauran wurin fari.

“Kina so, 'yar lele?” ta tambaye ta.

Nieves ta dube ni. Ni na dubi fitila na ce, kai, wannan naman kaza da za a soya shi da tafarnuwa da an more.

A mota ta juya fuska wajen taga. Ni na yi ta surutu har gida, na ba ta labarin kifin da kakanta ya kama wanda ya fi jirgin girma, sai da suka sa jirgin a cikin kifin suka dawo.

Ina tunani. Tsohuwar ba ta da wasa, amma idan aka yi mata tambaya tana amsawa. Yarinya tana bukatar gidan da ake amsawa. Ni abin da na iya shi ne tayil da surutu. A ba ni bango karkatacce in miƙar da shi da ido. Kalma biyu daga bakin 'yar shekara biyar kuwa, sai in shige bayan inji.

Talata, 11 ga Nuwamba, da yamma

An fara koyon s gadan-gadan. Begoña tana kiransa maciji. Za ka haɗe haƙora, ka ja yatsa a hannunka daga kafaɗa zuwa wuyan hannu, iska na fita har yatsan ya kai. Nieves ta yi, ya fito kamar tayar keke. Shi kaɗai yana fita. Da an ɗaura shi a wutsiyar kalma sai ya tsere.

Begoña ta ce, “Papá ma ya gwada.” Na gwada. Nieves ta ce macijina tsoho ne, ba shi da haƙori. Wannan ce magana mafi tsawo da ta yi min a makon nan, kuma zagi ce. Na karɓa da hannu biyu.

Alhamis, 13 ga Nuwamba, da yamma

Yau ba ta tambaya ba.

Juma'a, 14 ga Nuwamba, da yamma

Na zauna a lungun wanki ban kunna komai ba. Ina jin cokalinta a kofi. Ba ta tashi ba.

Asabar, 15 ga Nuwamba, da rana

Wata uku ina roƙon Allah ta daina. Ta daina. Ashe haka ake ji.

Na kira doña Sagrario na ce to. Ranar Asabar mai zuwa ta zo ta ɗauki kayan. Ta ce, “Ka sa mata rigunan sanyi a sama.”

Injin lafiyarsa ƙalau. Tun ranar da muka saye shi bai taɓa lalacewa ba.

Talata, 18 ga Nuwamba, a cikin mota, ban tayar ba tukuna

Nieves tana baya tana cin biskit. Bari in rubuta tun yanzu.

Yau wasan ɓuya suka yi. Begoña ta shige bayan labule, ƙafafunta a waje, ta ce Nieves ta neme ta da baki. Yarinyar ta tsaya a tsakiyar ɗaki. Ta ce:

“¿Onde etá?”

Muryar nan. Hawa da saukar nan. Na fara lalube aljihu ina neman makullin mota.

Sai Begoña ta yaye labule ta ce, “Ga ni nan!”

Nieves ta fashe da dariya, irin wadda rabona da ji tun rani. Ta ce a sake. Aka sake. Ga ni nan. A sake.

Da aka tashi na ja Begoña gefe. Na ce, malama, ba don in koya miki aikinki ba, amma ba ki ji daidai ba. Ba ke take nema ba. Wannan tambayar a gida take yin ta, kullum. Cewa take tana ina.

Ta ce, “Ce min tana ina.”

Na ce onde etá.

“To ce min kana ina.”

Na buɗe baki. Na ce onde etá.

Está, estás. Tana ina, kana ina. Tsakaninsu maciji ɗaya ne, kuma daga ni har 'yata ba mai shi. Duk mutumin Palencia da ya yi wannan kuskuren sai a yi masa uzuri, kunnensa s yake jira. Ni fa? Da wannan bakin aka haife ni. Uwata daga ƙofar gida take ƙwala min shi idan na daɗe a bakin teku, ban taɓa zaton wata take nema ba.

Begoña ta ce ba ta san wanne Nieves take nufi a gida ba, ba ta nan. Ta ce, “Kana ina lokacin da take tambayar?”

Na ce ina gyaran inji.

Laraba, 19 ga Nuwamba, da yamma

Na shiga lungun na bar ƙofa a buɗe. Na yi tari. Na yar da sifana da gangan. Ba ta zo ba.

Mutum ya samu amsa bayan an tattara takardun jarrabawa. Na saba, haka na yi makaranta.

Alhamis, 20 ga Nuwamba, da rana

Rahoto ya fito. Ginin maganarta yana nan, ƙananan kalmomi ne ke ɗan zamewa idan jimla ta yi tsawo, shi ma Begoña tana ganin nauyin sautukan ne ke jawo shi. Aikin baki zai daɗe, wataƙila har ta shiga firamare. Na tambaye ta ko nawa bakin ne ya jawo. Ta ce yaran Barbate duka suna cinye s kuma ba a kawo mata su a mota-mota ba. Abin da ke damun Nieves daban ne, ko a gidan limamin coci ta tashi da shi za ta tashi.

Na ce to kin ƙwace min laifina, da me zan yi ado yanzu?

Jakar tana bakin ƙofa. Rigunan sanyi a sama.

Ranar dai, da yamma

Na ba ta madara. Ban shiga lungu ba. Na tsaya a tsakar gida, daidai inda take tsayawa, wurin da katakon ke ƙara. Ita tana falo, a ƙarƙashin tebur, can ta mayar da gidanta kwanan nan. Na ɗora yatsa a kafaɗa kamar wawa, na ja shi.

“Nieve. ¿Dónde estásss?”

Tsohon maciji mara haƙori. Har da yawu.

Daga ƙarƙashin tebur, ƙasa-ƙasa: “Ga ni.”

Na ce to. Na tsaya. Ban san abin da ake yi bayan nan ba, don Safa ne ya saba karɓar wannan ɓangaren.

Sai na ji ta ce, ba ta fito ba, “Papá. ¿Onde etá?” Na ji ta ja numfashi, sai ga shi ya biyo baya shi kaɗai, a makare, kamar wanda bas ya bari: “Sss.”

Na ce ga ni nan.

Ban yi muryar kowa ba. Na durƙusa na shiga ƙarƙashin teburin, na buga kai, ban ma yi wasa da bugun ba. Ta dube ni. Fuskata ba ta shiryu ba, ban kuma shirya ta ba.

“Kana kuka,” ta ce.

Na ce e.

“A wurin inji ma kana yi. Ina ji.”

Na ce na ɗauka Mamá kike nema, ni kuma ban san abin da zan ce miki ba.

Ta dube ni irin kallon da uwarta ke min idan na sa gishiri a kofi. “Mamá na san inda take. Kaka ta kai ni. Akwai fore.” Ta ja hannun rigata ta goge hancinta da shi. “Kai ne ban sani ba.”

Mun daɗe a ƙarƙashin tebur. Akwai cingam manne a can, tsoho, kuma na san ba na Nieves ba ne, ba kuma nawa ba. Na nuna mata. Mun yi dariya, irin mai ciwo.

Asabar, 22 ga Nuwamba, da hantsi

Doña Sagrario ta zo da jakarta a hannu da makullin mota. Ta dubi bakin ƙofa, ba kaya. Na tura Nieves ta saya mana churros, soyayyen ƙullin fulawa, wurin maƙwabciya da ke soyawa ranar Asabar, hawa ɗaya ne a ƙasa.

Na ce, “Doña Sagrario, na fasa. Rahoto ya ce ba bakina ba ne.”

“Na san ba bakinka ba ne.”

Na ce me?

Ta zauna ba tare da ta cire kot ba. “Kana tsammani ni jaka ce? Da bakin nan ka yi shekaru kana cika min gida da shirme, na taɓa kasa gane ka? Ranar Tsarkaka na kai ta. Ta ajiye furanni, ta waiwaya, ta yi tambayar nan tata. Na ce ga ta nan, 'yar lele, a nan take kwance. Ta ce a'a, Kaka, Papá. Yana ina.” Ta buɗe jaka ta rufe. “Me zan ce mata? Yana sa tayil? Yarinya tana gida da mutum, kuma ba kowa a gidan. Shi ya sa. S ɗin kawai shi ne abin da zan iya faɗa maka ba tare da na mare ka ba.”

Na ce da kin mare ni.

“Har yanzu ban fasa ba.”

Na ce ga ni nan yanzu. Ban yi alkawarin zan iya ba, amma ga ni nan.

Ta daɗe tana kallon ƙofar kicin. Daga inda take ana hango igiyar shanya. Ta ce, “Na riga na sayi bargon.”

Na ce Juma'a Nieves ta riƙa kwana a can, ta more taurarinta. Talata da Alhamis kuma ke za ki riƙa raka mu wurin Begoña, don a samu mutum ɗaya a zuri'ar nan mai maciji na gaske.

“Allah ya shirye ka, ɗana,” ta ce. Ba ta taɓa kirana haka ba. Ina jin kuskure ne, ba zan tuna mata ba.

Ta ce rigar Henar in bar ta inda take. Na ce dama ban yi niyyar taɓawa ba.

Lahadi, 23 ga Nuwamba, da yamma

Mun je wurin Henar, mu uku. Nieves ce ta nuna min hanya, ta san inda ake karyawa. Akwai laka.

Sun rubuta sunan daidai, kowane harafi a wurinsa. Aikin dutsen ba laifi, gefe ɗaya ya ɗan karkata, da ni ne da na gyara. Na faɗi haka. Na ajiye furanni. Duk wasannina sun tsaya a bakin ƙofa kamar karnuka.

Abin da ya fito shi ne abin da ke nan tun Agusta. A hankali na faɗe shi, na ɗauka ni kaɗai na ji.

“Onde etá.”

Sai na ji ɗan yatsa a kafaɗata, don a durƙushe nake. Ya gangara ta hannun kot har wuyan hannuna.

“Papá,” in ji Nieves. “Da ita kake magana. Sa maciji.”

Na sa.